Furar Manomi a Cikin Ma'aikaci

A cikin saƙonnin da suka iso wannan fili kwanan nan akwai na wani malamin makaranta ɗan asalin Runka, ta Ƙaramar Hukumar Safana, wanda aiki ya zaunar da shi a birnin Katsina shekaru da dama. Ya ce likita ya auna shi ya ga jininsa ya fara hawa, nauyinsa kuma ya kai kilo 80 alhali shi ba dogo ba ne, saboda haka aka umarce shi da ya rage jiki. Tun daga nan, da zarar an idar da sallar asuba sai ya ɗaura takalmi ya yi tafiyar awa guda. Wayarsa takan shaida masa cewa ya ƙona kalori 400. In rana ta ɗaga sai ya saka wa kansa da kwanon fura mai sanyi, wata rana lemon roba, da dare kuma in ya bi ta gaban mai tsire ba ya wucewa haka nan. Yau wata uku ke nan ma'auni bai motsa ba. Ya rufe saƙon da cewa: "Ashe wanda ya yi gumi bai cancanci ya ɗan sha daɗi ba? Mahaifina fa kullum sai ya shanye ƙwaryar fura, kuma har ya tsufa bai ajiye tumbi ba."

Amsar a taƙaice ita ce, kayan maƙulashe suna da gurbi a abincin mai son rage ƙiba, sai dai malam ya shigar da su ta ƙofar da ba tasu ba. Ya ɗauki tafiyar safe a matsayin ƙwadago, fura kuma ladan ƙwadagon. Matsalar ita ce ladan ya fi aikin yawa, ninki biyu ko uku.

Kalori ma'auni ne na kuzarin da ke cikin abinci, kamar yadda lita take ma'aunin fetur. Giram guda na sukari ko na garin hatsi yana ɗauke da kalori wajen 4, haka ma giram guda na sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake. Giram guda na mai kuwa, man gyaɗa ne ko man ja ko kitse, yana ɗauke da 9. Jiki yana kashe mafi yawan abin da aka ba shi ne wajen ayyukan da ba mu gani: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, da riƙe ɗumin jiki. Namiji matsakaici yakan kashe kalori wajen 1,600 a yini ko da a kwance ya wuni. Abin da ya ci ya haura buƙatarsa, jiki ba ya zubarwa, ajiye shi yake yi kitse, domin jikin ɗan Adam a zamanin yunwa aka horar da shi, bai san cewa gobe ma akwai tuwo ba.

Bari mu fara da mahaifin malam, tunda shi aka kafa hujja da shi. Duk wanda ya san ƙasar Runka, can tsakanin Safana da Batsari a bakin Dajin Rugu, ya san ƙasa ce ta noma da kiwo, gero da dawa daga hannun manomi, nono daga rugar Fulani. Fura, ko hura kamar yadda bakin yankin ke faɗi, a wurin nan ta sami iyayenta biyu. Amma a dubi lokacin da manomi ke shan ta. Ya fita tun da sanyin safiya, wani lokaci ya yi tafiya mai nisa kafin ya isa gona, ya sunkuya da hauya har rana ta take, sa'an nan yaro ya iso da ƙwarya. Ya sha a gindin bishiya, ya ɗan huta, ya koma bakin aiki har la'asar. Furar nan ita ce abincin ranarsa ɗungurungum, babu shinkafa da miya a bayanta, kuma da ita zai ƙarasa kunyoyin da suka rage, da ma ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da dare ya ci tuwo da miyar kuka, da safe ɗumame ko koko. Sukari kuwa, a zamanin da dattijon nan ya yi ƙuruciyarsa, ba kullum yake shiga ƙwaryar talaka ba.

Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, a taron da hukumar abinci ta FAO da ta lafiya ta WHO suka yi a shekarar 2001, sun kasa mutane bisa nauyin aikinsu. Mai zaman ofis ko aji yana kashe abin da jikinsa ke buƙata a kwance sau ɗaya da rabi ko kusa da haka. Mai noman hannu a lokacin aiki yana kashe ninki biyu, har zuwa sau 2.4. In muka ɗauki mutum mai kalori 1,600 ɗin nan, malamin makaranta yana wajen 2,400, manomi a tsakiyar damina yana haura 3,200. Tazarar ta kusa 1,000 a kowace rana, kuma a cikin wannan tazara ce ƙwaryar fura take ɓacewa. Duk da haka ma manomi ramewa yake yi da damina, domin lokacin da aiki ya fi tsanani shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Masu bincike na Birtaniya da suka shafe shekaru masu yawa suna auna mutanen ƙauyen Keneba a ƙasar Gambiya sun rubuta abin da kowace tsohuwa a Runka ta sani ba tare da ma'auni ba: jiki yana zubewa da damina, ya dawo bayan kaka. Ma'aikaci kuwa shekararsa duk kaka ce. Albashi, ko da ya yi jinkiri, ba ya bin kalandar ruwan sama.

Yanzu sai mu auna tafiyar malam. Mutum mai kilo 80, in ya yi tafiyar kilomita 5 a cikin awa guda, yakan kashe kalori wajen 280. Amma da a ce ya zauna a tabarma yana sauraron rediyo, da ya kashe wajen 80 a cikin wannan awar. Ribar tafiyar ke nan ba ta wuce 200 ba. Robar Coca-Cola mai rabin lita tana ɗauke da kalori 210 da sukari giram 53, wato ƙaramin cokalin shayi 13. Tafiyar da ta ci awa guda, an shanye ta a minti uku a tsaye gaban shago. Fura kuwa ta fi haka nauyi. In an cura dawo da garin gero giram 100, kalori 360 ke nan ko sama. A zuba kindirmo rabin lita, a ƙara wajen 300, in tsala ce da aka cire wa mai abin ya ragu. A jefa sukari cokali huɗu, a ƙara 60 da 'yan kai. Kwanon da malam yake kira ɗan abin sanyaya maƙoshi ya tasam ma 600 ko 700, tafiyar kwana uku ke nan, kuma abincin rana yana nan yana jira a gida. Ga irin furar zamani ta cikin gari da ake markaɗawa a inji, a zuba mata madarar gwangwani da kwakwa da dabino, wadda ko kakanninmu ba za su gane ta ba.

Tsire ma haka ne, kuma laifin ba na naman ba ne kaɗai. Garin ƙulin da aka barbaɗa, da man gyaɗan da mai tsire ke yaryaɗawa a kan wuta, da tsokar kitsen da ake sakawa tsakani, su ne suke da nauyi. Babban cokali guda na mai yana da kalori wajen 120. Soyayyar gyaɗa, wadda ake watsawa a baki ana hira ba a ma lissafa ta a cikin abinci, giram 100 nata ya haura 550. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a lura, mafarauci wuni yake yi a daji a kan zomo guda, kuma gida guda ake raba wa. Mu yanzu gudun ya gajarce, zomon ya ƙara girma.

Akan ƙiyasta kilo guda na kitsen jiki da kalori wajen 7,700. Da ribar 200 a yini, sai an yi tafiya ta kwana 38 kafin kilo guda ya tafi, in ba a ƙara ko loma ɗaya a kan abincin da aka saba ba. Saboda haka rashin motsin ma'aunin malam bai ba ni mamaki ba. Abin da zai gode wa Allah a kai shi ne da bai ƙaru ba.

To, ina 400 ɗin da waya ta faɗa? Waya da agogon hannu kintace suke yi, kuma galibi suna haɗa har da abin da jiki zai kashe ko ba a motsa ba. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori guda 7 a jikin mutum 60. Sun iske suna auna bugun zuciya da kyau, amma wajen lissafin kalori wadda ta fi iyawa ta kauce da kashi 27 cikin 100, wadda ta fi muni kuma da kashi 93. Wanda ya tsara cefanensa a kan irin wannan lissafi, kamar ɗan kasuwa ne da ya ci bashi a kan ribar da yaron shago ya kintata masa. Mu kanmu ba mu fi na'urar gaskiya ba. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 1992, an bi diddigin wani ƙaramin rukuni na mutane a birnin New York da suke rantsuwa cewa ba su cin komai amma sun kasa ramewa. Da aka auna, sai aka tarar sun rage kashi 47 cikin 100 na abin da suke ci, sun kuma ƙara kashi 51 a kan motsin da suke yi. Ba ƙarya suka shirya ba. Gumi ana jin sa, ana tuna shi, ƙosai uku da aka ɗauka a faranti ana wucewa kuwa ba ya zama a ƙwaƙwalwa.

Da na ambaci gumi, bari in ɗan ratse. Akwai samari a garuruwanmu da suke sa rigar sanyi ko su naɗe ciki da leda su fita gudu a zafin watan Afrilu, wai don kitse ya narke. Abin da ke fita ruwa ne da gishiri. Lita guda ta gumi kilo guda ce a ma'auni, kuma tana komawa mazauninta da an sha ruwa. Abin da ake samu a wannan dabara shi ne jiri da wahalar da ƙoda.

Akwai kuma wani abu da binciken shekarun baya-bayan nan ya fito da shi, wanda ya ƙara rage darajar lissafin waya. A shekarar 2012 wani masani ɗan Amurka, Herman Pontzer, da abokan aikinsa sun auna ƙabilar Hadza ta arewacin Tanzaniya, mutanen da har yanzu farauta da tonon saiwa suke rayuwa a kai, suna wuni suna tafiya a daji. An zaci za a iske suna kashe kuzari fiye da mazauna biranen Turai da Amurka nesa ba kusa ba. Da aka yi la'akari da girman jiki, sai aka ga kusan ɗaya suke. Fassarar da masanan suka bayar ita ce, jiki ma'aji ne mai tsumulmula: in aka matsa masa da aiki ta nan, sai ya tsuke kashewa ta can. Wani binciken na shekarar 2021, a kan mutum 1,754, ya ƙiyasta cewa jiki yana maido da wajen kashi 28 cikin 100 na abin da motsi ya ƙona, ga masu ƙiba sosai kuma abin yana kusan kai rabi. Har yanzu masana suna ja-in-ja a kan iyakar wannan tsumulmula, kuma aikin hauya na wuni guda ya fi ƙarfin a ɓoye shi duka. Amma ga mai tafiyar awa guda, ma'anar a fili take: ko 200 ɗin nan ba duka ba ne nasa. Ga kuma wanda ya yi atisaye da safe, sai ya wuni yana jin ya sauke nauyi, masallacin da yake zuwa a ƙafa yau sai a kan babur.

Kada wani ya karanta wannan ya rataye takalminsa. Tafiyar malam tana yi masa aikin da ma'auni ba ya nunawa. Tana sassauta hawan jini, wanda shi ne ma ya kai shi gaban likita, tana taimaka wa jiki sarrafa sukari, tana kare tsoka lokacin da ake rage ci, kuma waɗanda suka rame suka zauna a ramen galibinsu masu motsa jiki ne. WHO ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, malam ya ma wuce nan. Magani ce yake sha, kuma ba a biyan mutum lada don ya sha maganinsa.

Yadda maƙulashe ke shiga shi ne ta cikin kasafin yini, ba a kansa ba. Mai son sauke rabin kilo a mako yana buƙatar giɓin kalori wajen 500 a kowace rana, kuma mafi yawan giɓin daga kwano zai fito. In malam yana son fura, ya sha ta yadda mahaifinsa ke sha, a matsayin abincin rana, da tsala, sukari kaɗan ko babu. Ranar fura ba ranar shinkafa ba ce. In tsire yake so, ya zama shi ne abincin dare, da albasa da tumatir da kabeji, a ce wa mai tsire ya tsame kitse kuma kada ya ƙara mai, maimakon a ci shi a hanya sa'an nan a isa gida a zauna gaban malmala biyu don kada uwargida ta yi fushi. Wannan wuri na ƙarshe shi ne mai wuya, na sani, domin a gidajenmu barin tuwo a kwano magana ce. Sai an zauna da mai girkin an gaya mata abin da likita ya ce, ta rage malmalar tun daga tukunya.

Ni ban goyi bayan haramta wa kai komai ba. Wanda ya rantse ba shi ba zaƙi har abada yakan yi mako biyu yana cije baki, ranar da aka yi suna a maƙwabta aka kawo alkaki da nakiya da dubulan sai shingen ya karye gaba ɗaya, daga nan ya ce tunda an riga an ɓata bari a ƙarasa. Gara mutum ya san cewa ranar Asabar akwai ɗaurin aure, ya sassauta ci ranar Alhamis da Juma'a, ya je ya ci rabonsa cikin mutane ba tare da jin ya yi laifi ba. Jiki da mako yake lissafi, har da wata. Haka nan in an je gida Runka ko Batsari gaisuwa, inna ta dama fura da hannunta, ba a ce mata ana rage ƙiba, musamman a wurin da har yanzu in mutum ya faɗa ake tambayarsa ko lafiya. A sha ludayi biyar, a sa albarka, a miƙa wa yara.

Abin da na fi tsananta wa shi ne na sha. Abin da aka tauna yana cika ciki ya rage cin gaba, abin da aka kwankwaɗa kuwa wucewa yake yi, mutum ya zauna ya ci abincinsa cif kamar bai sha komai ba. WHO, a shawarar da ta fitar a shekarar 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, wato wajen giram 50 ga babba, in an iya ma a tsaya a 25. Robar lemo guda ta riga ta tsallake iyakar. Zoɓo da kunun aya na sayarwa, da shayin mai shayi da ake kwarara wa madara a jefa sukari ba ƙidaya, da lemon malt da ake kai wa marar lafiya asibiti da sunan ƙarin jini, duk a layi ɗaya suke. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin lemukan kamfani a Dokar Kuɗi ta 2021, harajin da bai kai ya sa kowa ya fasa saye ba. Bayan tafiyar awa guda, ruwan randa ya wadatar.

Mutum ɗaya na keɓe daga duk wannan magana, shi ne mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan irin ƙwayoyin da ke sauke sukari da ƙarfi, kamar glibenclamide. Shi atisaye yana iya faɗar masa da sukarin jini ƙasa ainun, ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi da duhun gani. Irin wannan dole ya fita da ƙwayar sukari ko alewa a aljihu, kuma ya tsara lokacin tafiyarsa da na maganinsa tare da likitansa.

Ban manta ba cewa wannan tambaya ta wanda ya ƙoshi ce. A ƙauyukan da ke kewaye da Dajin Rugu, shekarun nan na 'yan bindiga sun raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa, sun raba makiyaya da shanunsu, har nonon da ake dama furar ya yi tsada. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina a cikin wata shidan farko na shekarar saboda tamowa. A dangi guda sai ka iske wa a birni likita na roƙonsa ya rage ci, 'ya'yan ƙanensa a ƙauye ana auna damtsensu da tsiri mai launi. Masana lafiya sun kuma lura cewa wanda ya taso cikin ƙarancin abinci, in ya girma ya faɗa cikin yalwa da zama wuri ɗaya, ciwon sukari da hawan jini sun fi saurin kama shi. Yawancin ma'aikatanmu da suka baro ƙauye suna yara a wannan sahu suke.

Game da awo, kada a hau ma'auni kullum, nauyin ruwa da na abinci suna sa shi hawa da sauka ya rikita mutum. Sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin a ci komai, a ma'auni guda. Wanda ba shi da ma'auni ya nemi igiya, ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya ta a cikinsa daidai saman cibiya kaɗan. In bakin igiyar ya haɗu, kugunsa bai kai rabin tsawonsa ba, abin da hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin lafiya a Ingila ta ba da shawara ke nan a shekarar 2022. In bai haɗu ba, a yi wa igiyar alama da biro, a sake gwadawa bayan wata guda.